Shekarar da Na Hargitsa Jar Gafakar Malam

Na san labarin da kuka taso kuna ji a gidan kawunku Habu: wai uwarku ta tafi makarantar boko da furfura a ka, ta dawo ta sa almakashi a littattafan ubanta. Ba ƙarya aka yi mini ba, na sa. Sai dai duk mai ba da labarin nan a wurin almakashin yake tsayawa, a yi dariya, a watse. Yanzu da na ajiye aiki, idanuna kuma sun fara gardama da ƙananan baƙaƙe, gara in zauna in rubuta muku shi tun daga tushe, don kada wata rana a tambaye ku ku tsaya kuna sosa ƙeya. Ba wanke kaina nake son yi ba. Ni da na yi abin, har yau ban gama gane ko gyara na yi a shekarar nan ko ɓarna ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a firamare a nan Daura kafin abin ya ishe ni. Akwai wani ɗaki a makarantarmu da ake jibge littattafai, kwali kan kwali, gara na ci ɓera na ci, aka miƙa mini makullinsa don ba mai so. A ɗakin nan na fara jin ina son in san yadda ake wannan aiki da gaske. Ina da shekara arba'in da biyar na nemi gurbin karatun kula da laburare, na samu, na tafi na zauna aji ɗaya da sa'o'in babbarku Maryam. Ranar da na je gida sallama, Yaya Habu yana zaure yana cin goro, ya dube ni ya ce,

"Yanzu Hajara, jera littafi a kan kanta ma sai an tafi wani gari an karanto shi? Zo nan in koya miki kyauta. Babba a ƙasa, ƙarami a sama."

Malam, wato kakanku, bai yi dariya ba. Cewa ya yi in je, Allah ya ba da sa'a, hidimar littafi ba ta faɗuwa ƙasa banza.

A satinmu na biyu wani mutum ya shigo aji da takardun cikewa, ya ce daga ƙungiyar ma'aikatan laburare yake, kuma ɗalibai ma suna da damar shiga tun kafin su gama. Ya yi bayani ya fi rabin awa, wallahi ban fita da komai ba. Ya ce taro, ya ce bita, ya ce mujalla, ya ce sanin jama'a. Ni a raina na ce wace jama'a kuma, ni da na zo neman takardar shaida in koma gida? Ƙungiyar da na sani ita ce ta direbobin tasha da ta mahauta, waɗannan kowa ya san abin da suke yi. Na cike takardar ne kawai don na ga kowa yana cikewa, kuma an ce za a raba jaka. Aka ba ni kati mai hotona, na jefa shi a akwati ƙarƙashin zannuwa. Aka sa lambata a dandalin ƙungiyar na waya, saƙo ya dinga shigowa ba ƙaƙƙautawa, wannan yana tambayar maganin gara, wancan yana cigiyar wani littafi, na kashe ƙarar na huta. Akwai lokacin da aka sanar da bitar kwana biyu a kan yadda ake kula da littattafan da aka rubuta da hannu, an ce ɗalibai su zo. Na karanta na taɓe baki. Ni da aka yanke wa cibiya a gidan da gafaka ta fi tukunya yawa, wa zai koya mini? Na tafi sunan jikar ƙawata a Kongolam, na sha shagalina na dawo.

To, bari ku san yadda gidanmu yake, don ku da kuka tashi an riga an canza ɗakin. Malam yana da littattafan hannu, wasu ya gada, wasu ya kwafa da kansa. Irin waɗannan ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, wato falle-falle, a tara su cikin bangon fata a zura a gafaka. Gafaka bakwai ce rataye a ɗakinsa na jikin zaure, shida baƙaƙe, ɗaya ja. Ita jar ta ranar Alhamis ce. Ranar Alhamis yara ba sa karatu, sai zaure ya zama na manya: fataken shanu, manoma daga Babban Mutum, masu fito da kaya ta Kongolam, mutanen da ba su da lokacin da za a zauna a biya musu littafi guda daga farko har ƙarshe. Su zo da hantsi, Malam ya sa hannu a jar gafaka ya zaro warƙa biyu ko uku, ya karanta ya fassara, a sha fura, a watse kafin azahar. Shekara arba'in ana haka. Ni mace ce, ban taɓa zama a wurin ba, ban kuma taɓa buɗe gafakar ba. Yaya Habu ya yi karatu mai zurfi a gaban Malam, amma shi littattafai ya sauke ɗaya bayan ɗaya, daga nan ya yi shekara ashirin yana fataucin dabbobi tsakanin nan da Nijar, karatun Alhamis sai dai ya ji labarinsa.

Ina shekarata ta biyu Malam ya rasu, tsakiyar damina, muna hutu. Ranar sadakar uku dattawan Alhamis suka zaunar da Yaya, suka ce in an yi arba'in shi zai hau buzun Malam, a ci gaba daga inda aka tsaya. Babbansu, Malam Ilu na Babban Mutum, ya ce in dai jar gafaka tana nan, to Malam yana nan. Yaya ya amsa, bayan sadakar bakwai ya tafi Nijar ya sallami abokan cinikinsa. Yana can aka sheƙa wani ruwa da la'asar, indararon ɗakin ya toshe, ruwa ya bi bango ya sauka a kan gafakun. Da safe na buɗe ɗakin, warin jiƙaƙƙiyar fata ya buge ni. Inna tana takaba, babu namiji babba a gidan, ni ce mai ilimin littafi, ko in ce haka na ɗauki kaina.

Na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na zazzage gafaka bakwai, na baza warƙoƙi a rana na danne da duwatsu. Da na zo kan jar, sai hawaye ya zubo mini. Warƙoƙinta ba su yi kama da juna ba, wannan doguwa wannan gajera, hannun marubuta daban-daban, ga ta fiƙihu manne da ta waƙar wa'azi, ga wata ta rabon gado a tsakiya. Na ce Allah sarki Malam, ashe haka tsufa ya ci ƙarfinsa ba mu sani ba, yana ta cusa takardu inda ya samu. Na ƙudura zan rufa masa asiri kafin Yaya ya dawo ya gani. A aji an koya mana kowane littafi da fanninsa, kowane fanni da mazauninsa, na kuma ci jarrabawar nan da maki mai kyau. Don haka da suka bushe na bi su, fiƙihu da fiƙihu, nahawu da nahawu, waƙa da waƙa, na gafaka bakwai ɗin nan duka a haɗe, tsibi-tsibi. Rinin jar fatar ya zuba ya ɓata gefen warƙoƙinta, wasu har gefen ya yi laushi ya fara fumfuna. Guda tara da suka fi lalacewa, na ɗauko almakashin ɗinkin Inna na datse gefensu tsaf, don kada ruɓar ta ci ciki. Na ga akwai 'yan ƙananan rubutu a gefen, amma tawadar ta ɗan narke, na ɗauka gwajin alƙalami ne. Tunda ban sani ba ko akwai sunan Allah a jiki, ban zuba a shara ba, na ƙone su na binne tokar. Ranar nan da alfahari na ci tuwo, kada ku ce ban gaya muku ba.

Da Yaya ya dawo na ja shi ɗakin na nuna masa aikina, ina jiran sannu da ƙoƙari. Ya ɗauki jar gafaka ya girgiza, ya ji wayam.

"Ina abin da ke ciki?"

"Na mayar da kowace wurin 'yan'uwanta, Yaya. A hargitse na same su."

"A hargitse?" Ya maimaita kalmar a hankali, yana kallona. "Hajara, kowace warƙa a nan Malam da hannunsa ya cire ta daga uwarta ya ajiye ta inda yake so. Jerin nan shi ne karatun. Littattafan nan shida akwai irinsu a kowane zaure, jerin nan kuwa babu shi a wurin kowa. Innalillahi. Garin neman gira..."

Bai ƙarasa ba. Ya rataye gafakar a ƙusarta ya fita, daga ranar in na gaishe shi da ka yake amsawa.

Ban san ko za ku gane irin ruɗewar da na shiga ba. Na buɗe littafin aji na duba sau uku, abin da aka koya mini shi na yi, ban kauce ba. Abin da Yaya ya faɗa shi ma gaskiya ne. To ta yaya daidai da daidai za su haɗu su haifi wannan ɓarna? In karatuna ne ƙarya, me na tafi yi na bar ku da ubanku? In kuma gaskiya ne, don me nake jin kamar na sake binne Malam? Abinci ya daina shiga. Shi kuwa Yaya ya duƙufa yana mayar da littattafan yadda suke. Marubutan zamanin da, sukan ajiye kalma ɗaya can ƙasan shafi, ita ce kalmar da warƙa ta gaba ke farawa da ita, da wannan yake bi yana haɗawa. A ganinsa in littattafai shida suka kammala, abin da ya yi saura shi ne na jar gafaka. Ni ma haka na gani. Saura kwana ashirin da uku a yi arba'in, Malam Ilu kuma ya aiko da gaisuwa ya ce suna nan tafe, har da sababbin mutane.

Rannan da hantsi ina zaune bakin murhu, na ɗauko waya in kira ubanku in yi masa kuka, idona ya faɗa kan dandalin ƙungiyar nan, saƙonni sun taru ban buɗe ba. Na daɗe ina kallo. Ga malamanmu a ciki, ga manyan da suka yi shekara talatin suna aikin, ni ɗaliba mai furfura in fito in ce ga wautar da na tafka? Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce tunda ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, me ya rage? Na ɗauki hoton tsibin warƙoƙin na tura, na faɗi komai har almakashin, na kife wayar ina jiran zagi.

Ba wanda ya zage ni. Wata Madam da ke aiki a wani laburare can kudu, har yau ban taɓa ganin fuskarta ba, ita ta fara amsawa da Hausarta mai gargada. Ta ce kada in ƙara sa su a rana, a inuwa ake shanya irinsu da farar takarda a tsakani. Ta ce in kwantar da hankalina, ita ma shekararta ta farko a aiki ta manna wa wata tsohuwar taswira salatif, har yau in ta tuna sai ta rufe fuska. Wasu suka yi mini ta'aziyya. Sai wani mai suna Malam Sada ya rubuta layi biyu kacal: a gaya wa yayanki ya dakata da haɗa littattafan nan yanzu-yanzu, ki turo mini kwatancen gida, gobe ina tafe.

Dattijo ne da ya yi ritaya, siriri, tabaraunsa ɗaure da zare, kuma ashe shi ne ya koyar a bitar da na gudu na tafi suna. Ya zo a motar haya daga Katsina da jaka cike da fararen katuna da fensir. Ya yi wa Yaya ta'aziyya, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo. Yaya ya karɓe shi don baƙo ne, amma fuskar nan a murtuke. Ina tsaye daga bakin ƙofar cikin gida ina jin su.

"Allah ya gafarta malam," in ji Yaya, "boko ɗaya ya shiga ɗakin nan na ga abin da ya yi. Ban san me na biyu zai ƙara ba."

"Gaskiyarka," in ji Malam Sada. "Amma in tambaye ka. Warƙar da mahaifinku ya cire daga littafin fiƙihu ya sa a jar gafaka, in ka bi kalmar ƙasan shafi, ina za ta kai ka?"

Yaya ya ce, "Cikin littafin fiƙihu."

"To ka gani. Mayar da su kake yi gidan da ya ɗauko su. Ranar da ka gama, ba abin da zai yi saura."

Na ga Yaya ya dubi littattafai huɗun da ya riga ya kammala, ya cire hula ya mayar. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji a raina, don ashe ba ni kaɗai ce na ɓata hanya a gidan ba.

Malam Sada ya ɗauki warƙa ɗaya ya nuna mana gefenta inda jan rini ya zauna. Ya ce abin da muke kallo a matsayin ɓarnar ruwa shi ne shaidarmu, duk mai jan gefe 'yar jar gafaka ce, haka duk wadda aka datse. Kwana biyu muka yi muna tsamo su, muka sami ɗari da goma sha huɗu. Kowace ya sa na yi mata kati da fensir, ba biro ba: kalmomin farko, tsawonta, littafin da ta fito. Muna cikin aikin ya ce mini littafin ɗab'i da takardun mutum ba ɗaya ba ne. Yadda mai abu ya bar kayansa, wannan jerin ma rubutu ne, ba a taɓa shi sai an tambaya an gane. Ya ce a makaranta sai shekara ta uku ake zuwa wurin, a bita kuwa da shi suke buɗe baki. Na ci gaba da fiƙe fensir.

Da muka gama ya ce yanzu mun san ko su wane ne, sai dai ba mu san wa ke gaban wa ba. Ya tambayi Yaya wa ya fi kowa jin karatun nan. Yaya ya ce Malam Ilu, shekara ashirin da biyar yana zuwa, amma da damina noma kan riƙe shi. Malam Sada ya ce wanda bai taɓa fashi ba yake nema. Muka yi ta lissafo sunaye, kowa da lokacin da yake ɓacewa, fatake da rani, manoma da damina. Sai Malam Sada ya ce,

"Furar da aka ce ana sha, wa yake damawa?"

Rumfar Inna tana jikin bangon zaure, akwai 'yar taga a sama da ake miƙa ƙwarya ta ciki. Inna ba ta yi karatun littafi ba, iyakarta abin salla. Da na shiga na gaya mata, cewa ta yi in fita mata daga ɗaki, tana cikin takaba ina yi mata wasan yara. Sai da na durƙusa na ce Inna ni na ɓata, ki taimake ni, sannan ta jawo tabarmarta ta zauna ƙarƙashin tagar. Yaya yana zaure yana karanta farkon warƙa yana fassarawa, Malam Sada yana gefensa, ni ina wajen Inna da katuna a cinya. Ta farko da aka ɗaga ta zakkar hatsi ce.

"Wannan da sabon gero ake yin ta," in ji Inna. "Kullum ina surfe nake jin ta. In ya gama, Alhamis mai zuwa sai ta wanda ya tsinci dabba a daji, don lokacin ake sakin dabbobi. Ke, gaya wa na zauren nan ya rage sauri, Malam ba ya gudu."

Kun san Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Haka muka yi kwana huɗu. Ashe shekara Malam yake bi. Hukuncin dabbar da ta yi ɓarna a gona da damina, zakka da kaka, taimama da bazara lokacin da rijiyoyin hanyar fatake ke ƙafewa. Na azumi da na layya su kaɗai yake matsawa da su yadda wata ya kama. Waƙar wa'azi kuwa bayan kowane hukunci mai nauyi yake sa ta, don zukata su yi laushi kafin a tashi. Mutumin da na ce tsufa ya ruɗa shi ke nan. A rana ta biyu na kasa rubutu, na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai isata, Inna ta ce in share ido in rubuta, kuka bai taɓa mayar da komai ba. Ba duka ta tabbatar ba. Wasu takan ce ko kafin wancan ko bayansa. Ni so nake in zaɓi ɗaya mu wuce, Malam Sada ya aiko ta tagar cewa kada in zaɓa mata, in rubuta abin da ta ce har da shakkarta.

Sai aka zo kan guda taran da na datse. Yaya ya karanta ta farko, Inna ta ce a nan Malam yakan ajiye warƙar ya faɗi wani abu nasa, ba na cikin littafi ba, abin da ya shafi ƙasarmu da mutanenmu. Ita kuma daidai lokacin take tashi ɗauko ludaya, ba ta riƙe ba. Kowa ya gane abin da ke rubuce a gefen da na ƙone. Malam Sada ya ce hanya ɗaya ta rage, in bi tsofaffin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, in rubuta abin da ya tuna. Ya sa cigiya a dandalin, wani ɗan ƙungiya da ke aiki a yankin Baure ya nemo mini gidajensu ya yi mini iso. Ranar da zai koma na rasa abin da zan ba shi, ya ce abu ɗaya yake so, in dinga zuwa taro.

Na je Babban Mutum, na je Kongolam, na je rugage biyu, na dawo kaina ya fi na da ɗaurewa. A kan warƙar ɓarnar gona, Malam Ilu, wanda manomi ne, ya rantse Malam cewa yake mai dabba shi ke da nauyin tsaronta ko da rana ce, tunda gonaki sun cinye burtali. Wani makiyayi mai suna Arɗo Bello ya rantse Malam cewa yake manomin da ya shuka a kan burtali shi ya jawo wa kansa. Na uku ya ce shi abin da ya ji, Malam cewa yake a fara da sulhu sau uku kafin a je gaban kowa. Duk su uku mutanen kirki ne, ba mai ƙarya a cikinsu. Na rubuta duka ukun a kati ɗaya, da sunan kowa.

Alhamis ta farko bayan arba'in Yaya ya hau buzu da jar gafaka a gefensa, ya ci gaba daga inda Inna ta ce an tsaya. Malam Ilu ya saurara har ƙarshe, ya ce haka ne, nan ne. Karatu bai mutu ba. Da aka zo kan warƙa ta farko cikin taran, Yaya ya ɗaga ta sama ya ce wannan ƙanwata ta yi mata aski, wa ya tuna abin da Malam ke cewa a nan? Tsofaffi suka kaure da gardama har fura ta yi tsami. Daga nan labarin almakashi ya fita gari, daga nan kuma abin ya zama al'ada, duk shekara in an zo kan ɗaya daga cikinsu sai ya ɗaga ya tambaya. Ni dai sai da aka yi shekara biyu cur kafin Yaya ya sake zolayata, kuma ku da kuka san shi kun san abin da hakan ke nufi. Na gama makaranta, na kama aikin da a dandalin nan na fara ganin sanarwarsa, ban ƙara fashin taro ba. Daga baya ni ma na koyar a bitar, kuma da labarin almakashina nake buɗewa, don ɗalibai su san ana iya faɗin wauta a gaban 'yan'uwan sana'a a fita da rai.

Inna ta rasu, Malam Sada ya rasu, Arɗo Bello ya rasu. Duk shekara masu amsa tambayar Yaya raguwa suke yi. Bara da kaka Malam Ilu ya bi su. Bana da damina, ranar wata Alhamis ina gida ina tsince wake, Yaya ya kira ni a waya, muryarsa wani iri. Ya ce ya ɗaga warƙar ɓarnar gona ya yi tambaya, zaure cike da mutane, ba wanda ya amsa, duk 'ya'ya ne da jikoki. Ya ce in zo da katunan nan.

Na je na shiga ta ƙofar baya, na zauna a rumfar Inna ƙarƙashin tagar, inda tabarmarta take a da. Na karanta musu ta Malam Ilu, na karanta ta Arɗo Bello, na karanta ta ukun. Na ji wani daga ciki ya ce to wacce ce ta Malam? Sai muryar Yaya ta tagar.

"Hajara, wacce ce?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To," in ji shi, "ku riƙe duka ukun. Haka muka same su."

Akwatina na ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, ranar da ba ni za ku buɗe shi. Can ƙasa za ku ga wani ƙullin tsohon zane, a ciki akwai katuna tara da rubutun fensir, da katin ƙungiya mai hotona ina harara, da almakashin Inna. Na san ku, musamman ke Maryam mai son gyara, za ki ce me ya haɗa almakashi da takardu, ki kai shi cikin kayan ɗinki. Ba a hargitse suke ba. Ku bar su yadda na bar su.